Funfunar Gwaggo

A ƙofar firijin gidanmu, tsakanin ƙwai da kwalbar maganin tari, akwai wata siririyar kwalba da aka toshe bakinta da auduga. Duk baƙon da ya buɗe firijin neman ruwan sanyi sai ya ja baya ya ce wani abu ya lalace mana, domin abin da ke cikinta funfuna ce. Mukan ce masa ya bar ta inda ya gan ta, ta riga shi zuwa gidan. Wannan funfuna ita ce aikin Gwaggo, yayar mahaifina, wadda na tashi a hannunta. Labarinta nake so in ajiye tun ina da wanda zan tambaya idan wani abu ya shige mini.

Gwaggo ta yi aikinta kaf a ɗakin gwaje-gwajen sinadarai na wata jami'a, ɗakin ƙarshe a bene, inda matakala ke ƙarewa. Tun ina firamare nake bin ta can lokacin hutu. Dogayen tebura ne masu baƙin kai da asid ya ciccinye, da famfo ɗaya da bai taɓa daina ɗiga ba, da kabad cike da kwalabe masu ruwan ƙasa waɗanda rubutun jikinsu ya koɗe. Wurin zamana kujerar bakin taga, doka kuma ɗaya ce: hannuwana a kan cinyata. Gwaggo doguwa ce, ba ta da yawan magana, tafiyarta kamar ta mai ɗauke da kwano cike da ruwa. Digiri biyu ta yi. Na ukun, wanda zai sa a kira ta Dakta, shi ne ya rataya a kan funfunar nan.

Mijinta, wanda muke kira Baba Direba saboda shi ke jan motar ma'aikatan jami'ar, ya fi kowa iya ba da labarin yadda aka samo ta. Suna sabon aure, an yi ruwa an ɗauke, suna dawowa gida a ƙafa ta bayan wata rumfar kafinta, sai ta tsaya cak tana shaƙar iska. Ya ce mata shi ma yana jin ƙamshi kamar ana gashin kek, ƙila daga wani gida ne. Ta ce babu mai gashi a nan. Ta tsuguna da sabbin kayanta gaban tulin garin katako da ya ruɓe, ta sa hannu tana tono, da ta rasa abin zubawa kuma ta ce ya miƙo hularsa.

"Sabuwar hula," yakan ce, "ko wanki ba ta taɓa gani ba. Rabona da ita ke nan."

Watanni ta ɗauka tana rarrabe halittun da ke cikin hular nan, har ta gano wadda ke yin ƙamshin. Yadda ta fahimtar da ni, akwai wani sinadari mai ƙamshi da ake sawa a sabulu da alewa, wanda kamfanoni ke haɗawa da zafi mai tsanani da magunguna masu guba. Ita kuwa wannan halitta, ba wuta ba guba, sai ta bi garin katakon da ake zubarwa tana fitar da wani ruwa da ke warware shi sannu a hankali, har ƙamshin ya fito. Ta ce masana suna da dogon suna ga ruwan nan, ita yawu take ce masa. Burinta ta nuna, da awo da hujja, nawa yawun funfunarta ke iya fitarwa, yadda wani zai ɗauka ya kafa sana'a a kai.

Sai dai funfuna ba ta zama a kwalba ɗaya har abada. In abincinta ya ƙare, ta mutu. Saboda haka duk bayan 'yan makonni Gwaggo ke yi mata ƙaura. Za ta rufe tagogi, ta kashe fanka, ta kunna ɗan harshen wuta, ta gasa wata siririyar waya har ta yi ja, ta jira ta huce. Sannan ta zare auduga da ƙaramin yatsanta, ta ɗebo abin da bai kai ƙwayar gishiri ba, ta kai sabuwar kwalba, duk ba ta numfasa ba. Ni ma daga bakin taga sai in riƙe nawa numfashin. Ba ta taɓa barin wani ya yi mata wannan ba. Ko biki aka sa a dangi, sai ta fara duba ko ya faɗa ranar ƙaura. Mahaifina yakan tsokane ta ya ce a gaishe da 'yar autar da ke cikin kwalba. In an gama, tsohuwar kwalba sai a dafa ta a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, a wanke a kife, domin kwalaben ba su da yawa kuma ba a sayo sababbi.

A shekarun nan gidanmu ba ya rabuwa da ƙamshi. Yana jikin mayafinta, yana jikin farar rigar aikinta, har a kujerar gaba ta motar Baba Direba. Ma'aikata kan tambaye shi wane turare yake sawa, ya ce na matarsa ne, ba a sayarwa.

Sai aka rufe jami'ar na dogon lokaci saboda wata rigima tsakanin ma'aikata da hukuma. Aka garƙame ƙofofi, aka hana kowa shiga. Gwaggo ta yi sintiri har ta gaji. Ranar da aka buɗe, ta tarar da kwalabenta sun bushe ƙamas, in ban da guda ɗaya mai wani ɗan zare fari kamar yanar gizo-gizo. Ta dafa dankali, ta tace ruwan, ta zuba sukari, ta daskarar da shi, ta ɗora zaren nan a kai kamar mai jinyar jariri. Bayan 'yan kwanaki funfunar ta tashi, ta yi kauri, ta yi fari sol, irin yadda ba ta taɓa yi a kan garin katako ba. A kan katako kullum ramammiya ce, tana tafiya da ƙyar.

Daga ranar Gwaggo ba ta sake mayar da ita kan katako ba. Ta ce ta ga bakin kabari sau ɗaya, ya isa. A kan sukari funfunar ba ta yin ƙamshi, Gwaggo ta san da haka, amma ta ce ai ba a sa ma'aikaci aiki ranar hutu, duk ranar da aka tashi awo za a ba ta katakonta. Kuma duk ƙaura, daga gefen da ya fi kauri da ƙoshi take ɗiba. Wa zai ga laifinta? Ko kaji mutum ke kiwo, mai ƙiba zai zaɓa.

Ranar awon ce ta ƙi zuwa. Na'urar da ke auna yawan sinadarin ta lalace, aka ce an aika a kawo abin gyara daga waje, shiru. Aka ƙara mata ɗalibai, aka ƙara mata dubin jarrabawa. Gwaggo kuwa ba ta fitar da rabin aiki. Akwai kuma wani tabo da ba ta cika taɓawa ba. Tana sabuwar ma'aikaciya ta yi wani bincike a kan man wata bishiya, ta kai wa babban malaminta ya duba. Da aikin ya fito, sunansa ne a sama, nata yana can ƙasa cikin waɗanda aka yi wa godiya. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kai ƙara ba. Kwado kawai ta saya ta sa wa kabad ɗinta.

Ana nan sai aka kawo wani matashin Dakta da ya gama karatu a wata ƙasa, ya zo da akwati mai kama da maikirowef ɗin ɗumama abinci, sai dai ya fi shi kauri, murfinsa kuma da makulli. Baba Direba ne ya ɗauko masa shi daga tasha, ya dawo gida yana cewa yanzu kam sashen su Gwaggo ya koma gidan abinci. Gwaggo ta raɗa wa matashin suna Ɗan Sauri, domin ko matakala bibbiyu yake hawa, sunan kuma ya bi shi. Shi Mama yake ce mata, kuma ba ya zama in tana tsaye.

Akwatin nan ba wasa ba ne. Garin katakon da Gwaggo ke wuni tana tafasawa kafin ya yi laushi, shi sai ya zuba a wani tulu mai kaurin gilashi, ya kulle, ya danna, kafin shayi ya huce ya fito lugub. Ya yi mata bayani cewa wutar murhu daga waje take shiga, ta akwatinsa kuwa daga ciki take tasowa. Ta ce ta sani, ba yau ta fara karatu ba, amma aikin da ya ƙare kafin mutum ya gyara zama ita ba ta yarda da shi ba. Shi ma dai akwatin bai kai shi gida ba. Duk lokacin da ya nemi ya ƙarasa da zafi har ƙamshin ya fito, sai abin ya ƙone ya koma wari kamar tsohuwar taya. Buɗe ƙofa kawai akwatin ya iya, mai shiga ciki kuwa, wato funfunar, tana cikin kabad ɗin Gwaggo.

Ya same ta da maganar wata rana ina wurin. Ya ce su haɗa, nasa ya fara nata ya ƙarasa, sunanta a sama. Ya ce ko ba ta yarda da wannan ba, ta ba shi ɗan kaɗan daga funfunar ya aika wa tsohon malaminsa da wasu abokansa biyu, su daskarar da ita cikin sanyin da zai tsayar da ita yadda take, ko shekara nawa za a yi.

Ta nuna masa babban firizar sashen da ke kusurwa, wadda aka mayar ma'ajiyar tsintsiya. Ta tuna masa cewa kafin zuwansa wuta ta ɗauke, janareto ya ƙi tashi, aikin mutum shida ya narke ya ruɓe a cikinta.

"Shi ya sa na ce wuri uku, Mama. Wuta ba za ta ɗauke a wuri uku rana ɗaya ba."

"Wuri uku hannu uku ke nan," ta ce. "Ni hannu ɗaya ma na gwada, na ji yadda yake."

"Halitta tana canzawa in ana ta juya ta."

"Ka ga alamar ciwo a jikinta? Dube ta. Ka bari in gama awona, in ya fito da sunana, ka kwashi duk wadda kake so."

Bai yi fushi ba. Duk shekara sai ya sake tambaya, cikin raha, kamar mai neman aure a gidan da aka ce yarinya tana karatu. Ita kuma ta ce masa sai na gama. A haka ya yi aure, ya haihu, furfura ta fara leƙo masa, ya koma hawa matakala ɗaiɗai. Shi ne ma ya samo tallafin da aka gyara na'urar awon, lokacin da ya rage wa Gwaggo ƙasa da shekara ta yi ritaya.

Ba gyaran na'urar ne ya sauko da ita ba. Hannunta ne. Wata ranar ƙaura wayar ta yi rawa ta taɓa bakin kwalba, bayan 'yan kwanaki wani koren abu ya tsiro ya cinye kwalbar. Da ta dawo gida ta daɗe zaune tana kallon tafin hannunta. Baba Direba ya ajiye rediyonsa, ya ce mata shi ranar da ya ga allon hanya ya fara yi masa biyu-biyu, da kansa ya kai makulli ofis, bai jira ya zuba mutane a rami ba. Washegari ta ce wa Ɗan Sauri ya dafa katakonsa, su haɗa aikin.

Na gama sakandare a lokacin, ina zaman jiran sakamako, saboda haka na ga komai. Ya dafa, ya bari ya huce, ya rarraba a manyan kwalabe masu faɗin gindi. Gwaggo ta sa rigar aikinta mafi sabunta, ta buɗe kwadon, ta zaɓo kwalbar da ta fi kowacce kyau. Aka jera su a kan wata na'ura mai jijjiga su a hankali. Baba Direba, wanda ya riga ya ajiye aiki, ya ce a kira shi ranar da ƙamshin ya tashi, yana so ya ji ko hularsa ta yi amfani.

Kullum da safe Gwaggo za ta zare auduga ta kai hanci. Ranar farko ta ce da sauran lokaci. Bayan mako ta ce funfunar ta daɗe ba ta ga katako ba, dole ta yi baƙunta. Funfunar ta yi 'yan dunƙule-dunƙule ta kwanta a gindin kwalba, ruwan kuma warin jiƙaƙƙen katako kawai yake yi. Gwaggo ta ce akwatin ne ya ɓata garin. Ɗan Sauri bai yi musu ba, ya kawo mata ɗanyen gari ta tafasa da kanta, wuni guda, yadda ta saba. Aka sake jira. Aka canza katako, aka rage zafi, aka ƙara iska. Daga ƙarshe aka kai ruwan gaban na'urar da ta yi shekaru tana jira. Inda ya kamata layi ya tashi sama kamar tsauni, ya wuce a miƙe.

Ɗan Sauri ya fara cewa ƙila na'urar ce, sai ta ɗaga masa hannu. Ita ta faɗi abin da ya faru, ba shi ba. Ta ce a cikin kowace kwalba akwai masu wahalar yin yawu da masu cin sukari kawai su yi ƙiba, masu ƙibar kuma sun fi saurin yaɗuwa. Duk ƙaura ita da hannunta take ɗaukar masu ƙibar ta bar masu aikin a baya, sannan ta dafa su ta wanke kwalbar. Ta ce wannan yana cikin abin da take koya wa ɗalibai.

Ya tambaye ta a hankali ko akwai wata tsohuwar kwalba da ta rage, ko busasshiya ce, ko a bayan kabad. Ta buɗe ƙofofin kabad ɗin duka biyu ta nuna masa. Kwalabe ne a kife, a jere, kowacce tana ƙyalli.

"Da na ba ka tun farkon zuwanka fa?" ta ce.

Ya ce bai sani ba, ƙila da sauran masu aikin a lokacin, ƙila babu. Ta ce masa ya gode wa Allah bai iya ƙarya ba.

Ranar hutun mako Baba Direba ya ce mu je inda aka samo ta. Ya ari motar maƙwabcinmu, ya tuƙa a hankali, ni ina karanta masa allunan hanya. Rumfar kafinta babu ita. Jerin shaguna ne a wurin, an malale ƙasa da siminti har bakin titi, wani yana sayar da waya, wani yana aski. Mai askin ya ce shi tun da ya zo haka ya tarar. Gwaggo ta zagaya baya, ta tsaya inda take zaton tulin yake, kusa da wani tankin ruwa, ta shaƙi iska. Daga nan muka bi wuraren yankan katako ɗaya bayan ɗaya har damina ta wuce, tana ɗiba a leda, Ɗan Sauri yana shukawa. An samu funfuna kala-kala, baƙa da koriya da ruwan ɗorawa. Babu mai ƙamshi.

A hanyar dawowa daga na ƙarshe ne Baba Direba ya ce, idonsa a kan titi, ya daɗe yana kewar ƙamshin nan a mayafinta. Ya ce sau da yawa ya so ya roƙe ta ta ɗan sa wa abar katako ko don gida ya yi daɗi, sai ya ga kada ya shiga aikin da ba nasa ba. Gwaggo ta ce ko ya roƙa ba za ta ji ba, ya daina ɗora wa kansa.

Ta yi ritaya ba a kira ta Dakta ba. An yi mata ɗan taro, an ba ta agogon bango. Kafin ta fito ta yi ƙaura ta ƙarshe a ɗakin, kwalba huɗu. Ta miƙa wa Ɗan Sauri uku, ta ce ya aika wa mutanensa, da duk bayanin yadda aka yi, kada ya rage komai, ko wani zai iya tayar da abin da ya kwanta, ko kuma ya ji ya kiyaye. Ya karɓa da hannu biyu. Ta zare kwadon ta bar shi a kan tebur, ta huɗun kuma ta saka a jakarta.

Mahaifina ya tambaye ta amfanin ajiye abin da ba ya aiki. Ta ce ba laifin funfunar ba ne, abin da aka koya mata ta koya, ba za ta zubar da ita a kwata don wannan ba.

Yanzu ni ke yin ƙaurar, a kan teburin kicin, da wutar gas, tagogi a rufe. Gwaggo tana zaune a gefe, hannuwanta a kan cinyarta. Ta hana sukari. Ɗan Sauri ke aiko mana da dafaffen garin katako daga akwatinsa, wani lokaci ya kawo da kansa ya zauna su yi hira da Baba Direba. Daga wurare ukun har yau babu wani labari. Funfunar ta rame, ta koma kamar yanar gizo-gizo, kuma in na kai waya sai Gwaggo ta ce ba nan ba, 'yar nan, can gefen da ya fi wahala.

Kafin in dafa tsohuwar kwalba, sai ta miƙo hannu. Ta zare audugar, ta kai hanci, ta rufe ido. Baba Direba yakan rage muryar rediyo. Sannan ta mayar da audugar ta miƙo mini, ta ce kada in dafa wannan, in nemo mata wuri a bayan kabad.